Ɗanyar Gahawar Baba Kafinta

Zuwa ga ƙanena Gajere,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Kada ka tsaya juya takarda kana neman wace ce. Ni ce 'yar Baba Kafinta, kakarka da kakata uwa ɗaya uba ɗaya. Rabona da kai tun kana yawo ba takalmi kana ɗibar mana guntayen katako a shago. An ce yanzu sai ka sunkuya kake shiga ƙofa, amma ni Gajere na sani, Gajere zan kira.

Ni lafiyata ƙalau in ban da ciwon baya, na zaman keken ɗinki. Baba ne ba lafiya. Jikinsa garau, tunaninsa ne ya tafi. Yini yake yana kallon bango, bai san ni ba, in na kawo abinci ya kau da kai. Da hawa bene ya gagare shi sai na kwashe kayan aikinsa na raba wa waɗanda ya koya wa sana'a, na wanke shagon da ke ƙasan benen, na yi masa fenti, na sa gado. Can yake kwana yanzu, da safe in riƙo hannunsa zuwa kicin.

Ka san shi da gahawa, tun muna yara shi ke soya abarsa da hannunsa. Yanzu ni nake soyawa. In na ɗora kasko, 'ya'yan suka fara fashewa, hayaƙi ya cika kicin, sai ka ga ya ɗago kai ya ce, "Uwata, kin cika wuta." Haka yake kirana tun ina ƙarama. Daga nan har kofin ya huce, ubana ne sak. Ya ci abinci, ya sha magani, ya yi min faɗa a kan ƙofar kabad da ta karkace. Sannan ya sake tafiya. Wallahi Gajere, don wannan ɗan lokacin nake tashi daga barci.

To, tsohon da yake sayar masa ya rasu, 'ya'yansa sun mai da wurin shagon gyaran waya. Buhun ƙarshe da Baba ya saya da kansa, wanda na tsinta a bayan tarin katako ranar kwashe kaya, saura abin da bai cika gwangwanin madara ba. Na gwada ta kanti, soyayya, niƙaƙƙiya, ko gezau bai yi ba. Na sayi ɗanya a kasuwa, rabi tsakuwa rabi cin ƙwari. An ce min kana aikin awo a manyan ɗakunan ajiya na bakin teku, inda ake sauke irin kayan nan. Don Allah ka nemo min mai sayarwa na amana. Ban san wanda zan roƙa ba sai kai.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, mai ɗakina tana gaishe ki, yara ma haka, ko da yake sai da na zana musu dangin a ƙasa kafin su gane inda kika fito. Labarin Baba ya kashe min jiki. Mutumin da ya kama ni da guntun katako, maimakon duka ya sassaƙa min mota da shi! Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki.

Yaya, kin zo inda ya dace. Buhunan nan ta kan sikelina suke wucewa, na san mai gaskiya, na san wanda ke zuba tsohuwa a ƙasa ya rufe da sabuwa. Mai kirki zai gaya miki kakar da aka girbe ta ba tare da ya sosa ƙeya ba. Zai bari ki zura hannu har tsakiyar buhu. 'Ya'yan su zama kore-kore, girmansu ɗaya, ba huji, in kin ciza su yi tauri ba danƙo ba. Kuma in kin koma bayan wata uku ki tarar da irin wadda kika saya. A nan mutum uku na yarda da su. Akwai wani dattijo mai faɗan tsiya amma ba ya algus, akwai wata mata da ta gaji sana'ar mijinta, sai babban cikinsu wanda ke da ma'aikaci na musamman don ɗanɗano. Mai-hanci muke ce masa. Wannan in kin wuce ta gabansa zai gaya miki sabulun da kika yi wanka da shi.

Abu guda nake so. Gahawa iri-iri ce, ban san wadda Baba ya saba da ita ba. Ki aiko min da ɗan samfur, ko cikin tafin hannu ne, ta hannun direban da ya kawo takardar nan. Na rubuta lambar wayata a baya, ki kira mu yi magana, ya fi sauri.

Ki kwantar da hankalinki, an gama.

Ƙanenki, Gajere, wanda ya daɗe da daina zama gajere

*

Gajere,

Ina gaishe ku duka. Baba yana nan yadda yake, jiya har ya tambaye ni ko na ci abinci.

Waya ba za ta yiwu ba. In Baba ya ji muryar namiji a gidan ba ya ganin mai ita, firgita yake yi, ya yini yana leƙa ƙarƙashin gado. Mu ci gaba da takarda.

Ka ce cikin tafin hannu kamar ba komai ba. Cikin tafin hannu safiya uku ce a wurina. Na zuba, na mayar, na sake zubawa, na ƙulle, na kwance. Sai da direba ya yi hon har maƙwabta suka leƙo sannan na fita da ita. Ga ta nan a cikin tsumman shuɗi. Abin da ya rage yanzu ƙirga shi nake yi da ido, har na fara soya rabin abin da na saba, hayaƙin ba ya kai bakin ƙofa.

Ka nemo min irinta. Ita dai nake so. Ka yi sauri.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura, ya warware. Ina fatan Baba ya ƙara sauƙi.

Ranar da saƙon ya iso ban ko ci abincin rana ba, na wuce wurin Mai-hanci. Yaya, ba don ki ji haushi ba, da ya kwance tsumman sai ya yi dariya ya ce wa ya tsane ni haka. Ya ce irin sananne ne, suna da shi buhu-buhu, amma wannan ta tsufa, ta koɗe ta yi fari, kuma ta sha wani wari da ba nata ba. Ya gwada ta, ya ce shi ko kyauta ba zai ba baƙonsa ba. Kunya ta kama ni. Na ce a raina, ashe wannan tsohon mai shago shekara da shekaru yana cutar Baba!

Don haka na zaɓo miki irinta sak, amma sabuwar girbi, ta sahun gaba. Ni na zura hannu da kaina har gwiwar hannu. Buhunansu da leda a ciki, ba a ajiye su a ƙasa, ba abin da ke kusa da su sai iska. Mai ɗakina ta soya kaɗan, maƙwabcinmu har ya ƙwanƙwasa yana tambayar ko biki muke yi. Mai kayan ya yi min alkawari duk lokacin da kika buƙata irin wannan za ki samu. Kin ga kin huta da neman mai amana.

Ki soya masa gobe, ki rubuto min abin da ya ce. Na ƙagu in ji.

Ƙanenki

*

Gajere,

Ina gaishe ka. Ba zan tsawaita ba, raina a ɓace yake.

Abin da ya ce? Bai ce komai ba. Na soya gahawarka ta sahun gaba, ƙamshi har titi, mai wanki na ƙasan layi ya yi min sannu da aiki. Baba yana zaune a kujerarsa, hayaƙi na wucewa ta gaban fuskarsa, ko ƙifta ido bai yi ba. Na rage wuta, na ƙara wuta, na soya ta yi baƙi, na soya sama-sama. Na haɗa ta da tsohuwar don in ja kwana, sai na ɓata duka biyun. Tsohuwar ta ƙare ranar Laraba. Tun daga ranar ba wanda ya ce min Uwata.

Irinta na ce maka, ban ce wadda ta fi ta ba. Wa ya aike ka gyara? Shi Mai-hancin naku, shi zai zo ya ba Baba abinci a baki? Yanzu da ƙyar nake samu ya haɗiye cokali biyu, magani kuwa tofarwa yake yi.

Ka dawo min da tsummana da abin da ke ciki. Safiya uku ce, ina son abata.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Na karanta takardarki a tsaye bakin sikeli, sai da abokin aikina ya karɓi awon don na rasa abin da nake rubutawa.

Ban san yadda zan faɗa ba sai dai in faɗa. Babu ita. Da na ce Mai-hanci ya gwada, ai soyawa ya yi duka, ya niƙa, ya kurɓa ya tofar, haka suke yi. Ina tsaye ina kallo, ban hana ba, don a lokacin gani nake shara ce za a maye gurbinta da abin kirki. Tsumman ne kawai ya rage, ga shi nan na wanke miki. Da na busar da shi ne ma na tuna bai kamata in wanke ba. Ki ce min duk abin da kika ga dama, na cancanta.

Ban zauna ba. Na je wurin dattijon nan mai faɗa na ce ya ba ni mafi tsufar abin da yake da shi, ya ce in fita masa daga sito, shi ba ya ajiye tsohon kaya. Matar nan ta tausaya min, ta kaɗe min gindin wani buhu da ya kwana biyu. Har wurin 'yan algus ɗin da na ce miki ki guje su na je, ni da nake musu kallon banza, na roƙe su. Kin ga inda muka koma, ina yawo ina neman mara amana na amana. Ƙulli biyar ne na aiko, kowanne daban. Ki gwada ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗago kai a kansa ki gaya min, ko buhu ne zan aiko.

Ki yafe min, Yaya.

Gajere

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba takarda. Ya ce ya ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. In fushi ne, kina da gaskiya, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne in san Baba yana nan. Mai ɗakina ta ce na zama kamar mara lafiya a gidan.

Ga abin da ya sa na sake rubutu. Na koma wurin Mai-hanci na tsare shi, na ce ka ce ta sha warin da ba nata ba, warin me? Ya rufe ido ya daɗe, ya ce garin katako, da gam, da ɗan man da ake goge kujeru. Ya ce ɗanyar gahawa haka take, duk abin da aka ajiye ta kusa da shi sai ta shanye shi, shi ya sa su suke rufe tasu ruf. Yaya, sai da na zauna a kan buhu. Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa, kin ce a bayan tarin katako kika tsinci buhun. Ashe tsohon mai shago bai cuci kowa ba. Mai kyau yake sayar wa Baba, Baba ne ke kai ta shagonsa ta zauna. Ba mai sayarwar da zai ba mu wannan, ko mun zagaye duniya.

Ban jira amsarki ba. Akwai wani kafinta a bayan layinmu, na kai masa rabin buhun ɗanyar gahawa a cikin algarara, ba leda, na roƙe shi ya bar min a ƙarƙashin bencin aikinsa kusa da tukunyar gam. Ya dube ni kamar na taɓu, amma da na ba shi labari ya matsar da kayansa da kansa. Na tambayi Mai-hanci kwana nawa za ta ɗauka. Ya ce shi bai taɓa ɓata gahawa da gangan ba, bai sani ba.

Don Allah ki amsa.

Ƙanenki

*

Gajere,

Ina gaishe ka da iyali. Ba fushi ba ne, ko da yake na yi. Muna asibiti ne lokacin da direba ya zo. Baba ya faɗi a tsakanin ɗakinsa da kicin, ƙarfi ne ya ƙare don rashin ci. Ƙugunsa ya samu matsala. Mun dawo gida, amma likita ya ce ba zai sake takawa ba. Yana kwance, ina juya shi, ina ɗura masa ruwa-ruwa da cokali.

Ƙullinka biyar na gwada su kafin faɗuwar, ba wanda ya yi. Da na karanta zancen katako kuwa sai na ajiye takardar na shiga ɗakin na tsaya ina shaƙa. Ba komai, Gajere, sai fenti da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ni na wanke shi tas da hannuna, har ina jin daɗi ya yi fes. Da ban taɓa ba, da sai in ajiye buhu a lungu in jira.

Kullum da safe ina soya taka mai kyau ɗin, don hannuna ya saba. Ni kaɗai nake sha. Tana da daɗi, ban taɓa gaya maka ba.

Kada ka jira ta yi yadda kake so. Ramewa yake yi. Da ka ji ta fara ɗauka ka aiko.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Kullum in na tashi daga aiki sai na biya na sunsuna buhun, har kafintan ya fara ajiye min kujera. Ni hancina ya gaji, ban san ko ta yi ba. Jiya na kai wa Mai-hanci 'ya'ya kaɗan, kaɗan fa, kuma ban saki hannuna ba. Ya yamutsa fuska ya ce ta lalace. Na kusa rungume shi.

Ga ta nan duka. Ban san ko za ta yi ba, ba zan sake cewa an gama ba.

Gajere

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka da yara, ka gaida min kafintan nan da ban sani ba. Saƙo ya iso shekaranjiya. Tun kafin in kwance bakin buhun na san ta yi, don sai da na ji kamar in na waiga zan ga Baba da fensir a bayan kunne.

Jiya da safe na soya. Tun da ba ya iya zuwa kicin, sai na ɗauko ƙaramin murhu na ajiye a bakin ƙofar ɗakinsa. Ban yi tunanin komai ba, Gajere, wallahi ban yi ba. Duk safiyoyin da yake dawowa a kicin yake dawowa. Bai taɓa farkawa da hankalinsa a ɗakin nan ba.

'Ya'yan suka fara fashewa. Ya juyo da kai a kan matashi, ya ce, "Uwata, kin cika wuta." Na saki cokalin, ban san sanda na durƙusa a gefen gadon ba. Ya shafa kaina ya ce me ya ramar da ni haka. Ya karɓi kofi da hannunsa. Ya ci burodi, ya haɗiye magani, har ya ce a ƙara masa sukari.

Sai idonsa ya fara yawo. Ya dubi tagar, ya dubi ƙofar ƙarfe, ya dubi ramukan ƙusa a bango inda zartunansa suke rataye a da, waɗanda fenti bai rufe ba. Na ga lokacin da ya gane inda yake. Ya ce, "Ina bencina?" Na ce an kai gyara. Ya ce, "Ni kafinta ne, wa zai gyara min benci?" Ya yunƙura zai tashi, ƙafa ta ƙi. Ya ɗaga mayafi ya dubi ƙafafunsa ya daɗe. Sannan ya ce, "Uwata, yaushe na gama aiki ba a gaya min ba?" Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da muka rasa mahaifiyata. Jiya na gani. Yana riƙe da hannuna yana kuka har kofin ya huce, sannan ya sake ni ya koma kallon bango.

Yanzu gari ya waye, ina rubuta maka a kan teburin keke. Yana kwance, fuskarsa a sake, ba abin da ke damunsa, bai san ni ba. In ban soya ba, ba zai ci ba, kuma ba wanda zai kira ni. In na soya, zai ci, zai ce Uwata, sannan ya sake tambayata bencinsa kamar bai taɓa tambaya ba. Ɗaga shi zuwa kicin ba ya yiwuwa, likita ya hana. Gahawa kuwa ka aiko wadda za ta kai mu shekara.

Ka yi duk abin da na roƙe ka, Allah ya saka maka. Wannan kuma ba a sito ake samunsa ba, na sani, kuma kafin takardar nan ta iso maka safiyar ta wuce. Duk da haka ka gaya min, Gajere, in soya ko in bari, don ba ni da wanda zan tambaya. Kasko yana kan murhu, ashana tana hannuna.

Yayarka